Filin Tambaya da Amsa: Ƙumbar kogi da rigimar sunayenta

Assalamu alaikum jama'a. Tunda na ɗan taɓo maganar ƙumbar kogi a fitowar da ta wuce saƙonni suka yi ta shigowa kamar an buɗe famfo, ni kaina ban zaci abin nan da yara ke tsinta a bakin ruwa yana da masoya haka ba. Na tsince waɗanda suka shafi suna da rabe-raben iri na haɗa su wuri ɗaya. Masu tambayar kunama da gizo-gizo ku yi haƙuri sai wani jiƙon.

Tambaya daga wani malamin firamare a Yauri: Malam barka da aiki. Mahaifina masunci ne, tun muna yara idan ruwa ya ja baya da rani muna tsintar ƙumba a kan yashi. Ni dai na lura iri uku ne, akwai doguwa siririya, akwai faffaɗa mai nauyi wadda cikinta ke da ja-ja, sai wata mummuna da ke manne a jikin dutse ba ta ɓanɓaruwa sai da guduma. Baba ya ce duk abu ɗaya ne, wurin zama ne ya bambanta su. Ni na ce a'a. Mun yi musu har ya ce boko ya ɓata ni. Wa ya fi gaskiya?

Malam, kai ka ci wannan shari'ar, amma kar ka yi saurin zuwa ka yi wa Baba dariya don maganarsa ta fi taka zurfi, zan zo kanta.

Ukun nan da ka lissafa ba ɗaya ba ne. Doguwar siririyar nan mai ɓawo marar kauri, in dai yadda ka kwatanta ne, 'yar gidan da masana ke kira Mutela ce. Faffaɗar mai nauyi da ta kusa cika tafin hannu, mai ciki ruwan hoda, ta yi kama da Chambardia rubens, kuma kalmar rubens ɗin ma ai ma'anarta mai ja-ja a Latin, wanda ya raɗa mata suna cikin ɓawon ya leƙa kamar yadda ka leƙa. Waɗannan biyun danginsu ɗaya, Iridinidae, dangin da a Afirka kaɗai ake samunsa. Ita kuwa mummunar ta jikin dutse, wadda wasu ke ce wa kawa, sunanta Etheria elliptica, danginta ma daban ne. Tana ƙarama take liƙe ɓawonta ɗaya a jikin dutse kamar an sa siminti, daga nan ba ta ƙara motsawa har ta mutu, shi ya sa ka fi ganinta inda ruwa ke gudu da ƙarfi a kan duwatsu, wata kan wata har su yi tudu. Tana Kwara, tana Binuwai, tana Volta da Nilu da Kwango har Madagaska.

Akwai ta huɗu da ba ka ambata ba kuma na tabbata ka sha takawa, 'yar ƙarama ce mai ɗan kumburi, Coelatura. In kana so ka gane ta buɗe ɓawon biyu ka shafa yatsa a wurin da suka haɗu, wato inda yake kamar hinjin ƙofa. In ka ji haƙora suna shiga cikin juna to ita ce. Mutela da Chambardia wurin sumul yake ba haƙori.

To yanzu maganar Baba. Cewa wurin zama na canza kamannin ƙumba, wallahi wannan ita ce matsalar da ta wahalar da Turawa sama da shekara ɗari. Ƙumba tana gina ɓawonta ne daidai da inda ta samu kanta. Wadda ta tashi a taɓo mai laushi cikin ruwa kwantacce sai ta yi ɓawo sirara, 'yar uwarta uwa ɗaya uba ɗaya da ta faɗa cikin tsakuwa da ruwa mai ƙarfi sai ta yi kauri ta gajarce ta karkace. Wani masani a Amurka, Arnold Ortmann, ya bi koguna daga sama zuwa ƙasa yana aunawa, a 1920 ya nuna cewa iri ɗaya a saman kogi shafaffe yake, yana gangarowa babban ruwa yana ƙara kumburi. Ita Etheria ta fi kowa iskanci a wannan fannin tunda siffar dutsen da ta manne take ɗauka. Lamarck na Faransa da aka kai masa ɓawonta a 1807 suna huɗu ya ba ta yana zaton iri huɗu ne, kuma ya ɗauka ma daga teku aka ɗebo su, sai bayan wasu shekaru da wani matafiyi Cailliaud ya gan su da idonsa a kogin Nilu aka gane 'yan ruwan daɗi ne. Ka ga abin da Baba ya sani daga cikin kwale-kwale shi babban masanin Faris bai sani ba.

Ni ma na taɓa faɗawa ramin nan. Muna ɗalibai na kwaso ɓawo cike da bokiti daga bakin wani dam, na kwana biyu ina jera su a kan tabarma ina rarrabawa, na fitar da kashi biyar har da liƙa musu lamba da salatif. Malaminmu ya zo ya tsuguna, bai ce komai ba, ya ɗauki ɗaya daga kashi na farko ya ajiye a gefe, ya ɗauko wata da ta ɗan fi ta tsawo ya ajiye kusa da ita, ya yi ta jerawa a layi har ya kai kan kashi na biyar, sai ga shi babu inda layin ya yanke, kowace tana kama da ta kusa da ita. Ya ce to nuna min inda iri na ɗaya ya ƙare na biyu ya fara. Na yi tsuru-tsuru.

Tambaya daga wata ɗaliba 'yar aji huɗu a Zariya: Malam don Allah ka cece ni, furojet ɗina a kan ƙumbar wani kogi ne. Na duba littattafai na ga Spatha rubens, wani ya rubuta Spathopsis rubens, wani Aspatharia rubens, a intanet kuma Chambardia rubens. Halitta huɗu ce ko ɗaya? Kuma me ya sa wani lokaci sunan mutumin da ke bayan sunan yake cikin baka wani lokaci babu? Sufabaiza ɗina ya ja min jan biro a kai bai min bayani ba.

Ƙanwata kwantar da hankalinki, halitta ɗaya ce, gidan da ake ajiye ta ne ya yi ta canzawa. Sunan kimiyya kashi biyu ne, na farko sunan gida ne wanda 'yan uwa na kusa suke tarayya a kai, na biyu nata ne ita kaɗai. Lamarck ne ya fara raɗa mata suna a 1819, ya ce Anodonta rubens, wato ya jefa ta gidan wasu ƙumbobin Turai marasa haƙori don ita ma ba ta da shi. Daga baya aka duba naman ciki aka ga ba dangin juna ba ne, kama da wane ba ta wane, sai aka fitar da ita. Ta zauna a Spatha, aka yi zamanin da ake haɗa ta da su Aspatharia, wani Ba'amurke Simpson ya kafa Spathopsis a 1900 aka daɗe ana amfani da shi, sannan aka waiwaya aka ga ashe tun 1890 akwai sunan Chambardia da ya hau kan wannan rukunin. Dokar kuwa a fili take, sunan da ya riga fitowa shi ke da gida, wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi. Don haka ki rubuta Chambardia rubens, sauran ki ambace su sau ɗaya a matsayin tsofaffin sunaye saboda mai karatu ya san in ya gan su a tsohon littafi ita ake nufi.

Maganar baka kuma ba ado ba ne, saƙo take ɗauke da shi. In kin ga Etheria elliptica Lamarck, 1807 ba baka, ma'ana tana nan a gidan da ya ajiye ta tun farko. In kin ga Chambardia rubens (Lamarck, 1819) da baka, ma'ana shi ya raɗa sunan amma an yi mata ƙaura. Shi ke nan abin da jan biron yake nufi, da ya ɗauki minti ɗaya ya faɗa miki da an huta, amma kin san halin wasu malamanmu.

Bari in ba ki wani labari da nake so. Wani saurayi Bafaranshe mai suna Michel Adanson ya sauka Senegal a 1749, ya yi shekaru yana tara tsirrai da ɓawo, ya koma ya buga littafinsa a 1757. A ciki akwai wata doguwar ƙumba da ya kira Mutel. Rashin sa'arsa, masana dabbobi sun yi ittifaƙi cewa lissafin sunaye yana farawa ne daga 1 ga Janairu 1758, shekarar da masanin Suwidin Linnaeus ya fitar da bugu na goma na littafinsa na tsarin halittu. Duk sunan da ya riga wannan ranar ba ya cikin lissafi, shekara ɗaya tak ta kayar da shi. Sai wani masani Scopoli ya ɗauki kalmar ya mai da ita Mutela a 1777, Gmelin kuma a 1791 ya sa wa halittar Mytilus dubius, wato mai shakku, alamar shi kansa bai natsu da inda ya ajiye ta ba. Da aka mai da ita gidan Mutela, tunda kalmar mace ce a nahawun Latin sai dubius ya koma dubia. Yau sunanta Mutela dubia (Gmelin, 1791), shakkun mutumin da ya mutu sama da shekara ɗari biyu yana nan manne da ita.

Amma wanda ya fi dagula lissafi shi ne wani masanin Faransa, Jules René Bourguignat, ya rasu 1892. Shi da almajiransa sun ɗauki ƙa'idar cewa in ɓawo ya bambanta da wani a 'yan siffofi kaɗan da za a iya aunawa to sabon iri ne, a ba shi suna. Ki haɗa wannan da abin da na gaya wa malamin Yauri a sama ki ga abin da zai faru. Wata ƙumbar tafkunan Turai guda ɗaya, Anodonta cygnea, sai da ta tara sunaye ɗaruruwa. Sun yi wa na Afirka haka su ma, musamman na tafkin Tanganyika da Nilu, daga ɓawon da matafiya da sojoji da 'yan mishan ke aiko musu, su ba su taɓa tsoma ƙafa a ruwan ba. Waɗanda suka zo baya, irin su Fritz Haas a 1969 da Mandahl-Barth a 1988, aikinsu ya zama shara, suna tattara sunaye goma ashirin suna mayarwa ƙarƙashin ɗaya. A ganina a wasu wuraren sharar ma ta wuce gona da iri, an share har da abin da bai kamata ba, shi ya sa yanzu da ake gwajin DNA wasu tsofaffin sunayen da aka binne suke tasowa. Ko ita Etheria da aka ce iri ɗaya ce duk Afirka, samfuran da aka gwada daga yankin Kwango sun nuna layuka da suka rabu da juna tun da daɗewa.

In kina son ki tabbatar da sunan da ake yayi yanzu, akwai rumbun intanet na MUSSELp da Daniel Graf da Kevin Cummings ke kula da shi, akwai kuma MolluscaBase. A lissafin su Graf na 2007 iri 840 suka ƙirga a duniya, a na 2021 ya kai 958. Ba wai sabbi aka halitta a tsakani ba, ido ne ya ƙara buɗewa.

Shawara ta ƙarshe tunda furojet ne. Kar ki tsaya a busasshen ɓawo ɗaya. Ki samo da yawa manya da ƙanana daga wuri ɗaya, ɓawo biyun a haɗe, ki auna tsawo da faɗi da kauri, ki ɗauki hoton ciki da waje da wurin hinjin da ƙololon bayan nan inda ɓawo ya fara girma, don zanen da ke wurin yana taimakawa wajen rarrabewa kuma shi ne ke fara goguwa a tsofaffi. In kin samu mai rai ki yanki ɗan naman ƙafarta ki jefa a sifirit mai ƙarfi na laburatare, kashi 95 cikin ɗari, ba fomalin ba, fomalin na lalata DNA. Ki rubuta sunan wuri da kwanan wata da lambar GPS ta wayarki da fensir a takarda ki jefa cikin kwalbar, biro yana narkewa. Inda kika kasa kaiwa ga iri ki tsaya a sunan gida ki sa sp. a bayansa, wato ba a tantance irin ba, ya fi ki yi ƙarya.

Tambaya daga wata Hajiya a zangon Kumasi: Malam, abin nan da ake soyawa a tsire a tsinke ana sayarwa a hanyar Ada da Sogakope, adode, shi ne ƙumbar da kake magana?

Hajiya ba ita ba ce, maƙwabta ne dai. Adode sunansa Galatea paradoxa, za ki ga wasu littattafan sun rubuta Egeria radiata, shi ma rigimar sunan ta taɓa shi. Danginsa na bakin teku ne, 'yan uwansa na cikin yashin gaɓar teku suke, shi ne ya hauro ƙarshen kogi ya zauna, shi ya sa ake samunsa a ƙasan Volta da kogin Kuros a Najeriya da Sanaga a Kamaru amma ba za ki gan shi a Yauri ko Argungu ba. Ɓawonsa mai kusurwa uku ne mai kauri da santsi. A dai dafa shi ya dahu sosai, don duk waɗannan halittun tace ruwa suke yi su ci, abin da ke cikin ruwan yana cikinsu.

Tambaya daga wani matashi a Gaya ta Nijar: Malam in na gano sabuwar ƙumba a kogin Kwara zan iya sa mata sunan mahaifina? Ko dole sai sunan Bature? Don na gaji da ganin sunayen da ba ma iya furtawa a kan abin da ke ruwanmu.

Ɗan uwa za ka iya, babu dokar da ta ce sai Bature. Kundin dokar sunayen dabbobi na duniya, wanda bugunsa na huɗu ya fito a 1999, ya yarda a ɗauko kalma daga kowane harshe in dai da haruffan Latin aka rubuta. In sunan namiji ne ka ƙara -i a ƙarshe, mace -ae, in wuri ne -ensis, ka ga ta Gaya za ta iya zama gayaensis. Abin da za ka rasa shi ne ƙugiya, ba a yarda da ƙ ko ɗ ko ɓ ba, in ka ce ƙumba sai ta koma kumba. Kuma sunayen garuruwanmu sun riga sun shiga, akwai wani ƙaton dabban teku na zamanin da da aka haƙo ƙasusuwansa a ƙasar Sakkwato ana ce masa Goronyosaurus, daga Goronyo, akwai kuma wani kada Sokotosuchus. Sa wa abu sunan kanka ne dai ake ganin rashin kunya ko da doka ba ta hana ba.

Suna in ya zauna ya zauna, ko da ya daina dacewa. Aspatharia dahomeyensis tana nan da sunan Dahomey alhali ƙasar ta koma Benin tun 1975. Coelatura aegyptiaca sunan Masar take ɗauke da shi amma tana tafkin Chadi tana Kwara tana Senegal.

Wahalar ba a sunan take ba, a hujjar take. Sai ka nuna cewa taka ba ɗaya daga cikin waɗanda aka riga aka raɗa wa suna ba ce, har da tarin sunayen su Bourguignat da aka binne, don in ta dace da ɗaya daga ciki tsohon sunan ne zai tashi ba naka ba. Kowane suna kuma a ɗaure yake da samfuri guda takamaimai da aka ajiye a gidan adana kayan tarihi, shi ne alƙali in gardama ta tashi. Kai ma dole ka ware naka samfurin ka faɗi inda ka ajiye shi, ka rubuta siffofin da suka raba ta da sauran, ka buga a mujallar da ake samu, in ta intanet ce kaɗai tun 2012 sai an yi rajista a ZooBank, rumbun rajistar sunayen dabbobi. To nan ne abin ke min ciwo. Alƙalan ƙumbobinmu kusan duk suna cikin durowa a Faris da Landan da Balin da Tervuren ta Beljiyam da Filadelfiya, wasu takardar da ke jikinsu ba ta ce komai ba sai Senegal ko Afirka ta Yamma, ba kogi ba gari. Yaron Gaya da ke taka halittar kullum sai ya nemi biza kafin ya ga abin da za a gwada tasa da shi. An fara ɗora hotunansu a intanet, wannan ya rage zafi. Amma ni na fi ganin laifinmu a nan, jami'o'inmu nawa ne ke da ɗakin ajiyar ɓawo mai lamba da rajista wanda gara ba ta cinye ba? Ɗalibai na tarawa duk shekara, ana ba da maki, a share a zubar.

Tambaya daga wani dattijo mai sayar da banda, ɗan Baga da ke zaune a Maiduguri: Malam abin da ke ɗaure min kai, ƙumba ba ta da ƙafar kirki ba ta iyo. Tafki ya janye shekara da shekaru, ruwa ya dawo, sai ka gan ta a wurin. Daga ina? Mu dai muna cewa daga taɓo take fita.

Baba Allah ya ƙara girma. Amsa biyu ce kuma ta farkon ta ba ku gaskiya. Wasu daga cikin 'yan gidan Chambardia da Aspatharia in ruwa ya fara ja sai su nutse cikin taɓo su rufe bakinsu gam su yi likimo watanni da yawa har ruwa ya dawo. Wannan na janyewar rani ɗaya ne ko makamancin haka. Irin janyewar da tafkin Chadi ya yi bayan farin shekarun 1970 da 1980, daga faɗin kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 zuwa ɗan abin da ya rage, babu ƙumbar da za ta jira wannan.

Ta biyun ita ce kifi ke kawo ta, kifin nan da kake bandarsa. Uwar tana riƙe ƙwanta a cikin jikinta har su ƙyanƙyashe su zama 'yan mitsi-mitsi da ko kusa ba su kai ƙwayar gero ba, sai ta fesa su cikin ruwa. Wanda ya yi sa'a ya maƙale a jikin kifi, a fiffikensa ko a jan naman nan na bayan kai da yake numfashi da shi, ya zauna kwanaki ko makonni kifi na yawo da shi, in ya zama cikakkiyar 'yar ƙumba sai ya saki ya faɗa ƙasa duk inda kifin ya kai shi. Wanda bai samu kifi ba ya mutu. Haka take hawa saman kogi ita da ba ta iya tafiyar kamu goma a yini, in ka ga wani siririn layi a kan yashi a ƙasan ruwa marar zurfi kamar yaro ya ja kara, bi shi zuwa ƙarshe za ka same ta a tsaye rabi a binne, iya tafiyarta ke nan.

Ko 'ya'yan nan sai da suka jawo rikicin suna. A 1797 wani masani Rathke ya gan su cunkushe a jikin uwar ya ɗauka wata ƙwayar cuta ce ta kama ta, ya raɗa musu Glochidium parasiticum. Da aka gane 'ya'yanta ne sunan ya faɗi a matsayin iri, amma har yau glochidium ake ce wa jaririn. Kuma siffar jaririn na daga cikin abin da aka raba manyan dangogi da shi. Na dangin Unionidae, su Coelatura ke nan, jaririnsu ɓawo biyu ne kamar ɗan tarko da ke datse naman kifi. Na su Mutela daban ne sam, Geoffrey Fryer ya bi rayuwar wata a Jinja ta Uganda wajen 1960 ya ga jaririn da dogon zare, in ya kama kifi sai ya tura wasu 'yan bututu cikin jikinsa yana tsotsa. Irin wannan jaririn 'yan uwansa na kusa suna Kudancin Amurka, shaidar lokacin da nahiyoyin biyu suke haɗe. Sunan wadda Fryer ya yi aiki a kanta kuwa Mutela bourguignati, sunan mutumin nan da ya dagula lissafi.

Wannan ne ma ya sa dam ke cutar da su ta hanyar da ba a gani. In aka tare kogi kifin da suka dogara da shi ya daina haurowa, manyan za su ci gaba da zama shekaru kana ganinsu kana cewa lafiya lau, alhali babu ƙanana a bayansu. Wanne kifi ne ke goyon wace ƙumba a Kwara ko Komadugu, wannan aiki ne da masu banda da masunta za su fi kowa taimakawa a kai, don ku ke buɗe kan kifi dubu a wata. In ka ga 'yan ɗigo-ɗigo farare manne a jan naman nan, Baba, a sa a kwalba a rubuta sunan kifin da inda aka kamo shi.

Wani kuma daga Haɗeja ya turo hoton wani ɗan farin dutse da ya samu a cikin ƙumba yana tambaya ko lu'ulu'u ne, nawa za a saya. Eh lu'ulu'u ne in dai a cikin namanta ka same shi, duk ƙumba mai ƙyallin ciki tana iya yinsa in wani abu ya shige mata ta yi ta lulluɓe shi da abin da take shafe cikin ɓawonta. Amma na hotonka bai kai ƙwayar dawa ba kuma a karkace yake, ba na jin wani zai ba ka kuɗin kati a kansa, kar ka je ka farfashe na kogin gaba ɗaya kana nema. Ka sake turo min hoton ɓawon da ka cire shi a ciki, ta ciki da ta waje, ka ajiye biro a gefe in ga girmanta, shi na fi son gani.